Tukunyar Inna da Ƙofar Silin

"Kujera mai majingina nake so," in ji Mai Sawu. "Da hannuwa biyu, inda zan ɗora nawa hannuwan."

Kafinta ya dube shi duban mamaki. "Baba, ni sunana ake ja a ƙasa, kai kana cinikin hannun kujera?"

"Sunanka naka ne, bayana nawa ne. Kowa da inda ke yi masa ciwo."

Suna zaune ne a ƙofar gidan tsohon, kan wani benci da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Mai Sawu ya ci ƙuruciyarsa a bin sawun dabbobin sata. A zamaninsa, in akuya ta ɓata, shi ake kira kafin a kira hukuma. Da gari ya cika da siminti, sai 'yan unguwa suka riƙa cewa kwalta ta yi masa ritaya. Yakan yi dariya tare da su, amma maganar tana sukarsa.

Abin da ya kawo Kafinta kuwa shi ne aikin gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ta sa shi ya faɗaɗa ƙofar hawa saman silin ɗinta, don a sauko da wani kaya da ya fi ƙarfin tsohuwar ƙofar. Ya yanka katako, hanya ta buɗe, babban ɗanta Direba ya hau ya duba, kaya ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Nan take Direba ya ƙwace akwatin kayan aikin Kafinta, ya ce ko kaya ya fito ko su haɗu a gaban 'yan sanda.

"Zarton mahaifina yana cikin akwatin nan," in ji Kafinta. "Kuma ba wannan ya fi damuna ba. Aikin rabi na yi. Silin ɗin nan a kan tokara yake tsaye. In wani ya ture ta ya rufto, cewa za a yi ga ɓarawo, ga kuma wanda bai iya aiki ba. Na farkon zan iya haɗiyewa, na biyun ne ba zai wuce mini maƙogwaro ba."

Mai Sawu ya ji wannan magana ta yi masa daɗi. Yana son mutumin da ya san darajar hannunsa.

"To ga nawa sharaɗin. Inda sawu ya kai ni, nan zan tsaya in faɗa. In ƙofarka ya kai ni, zan faɗa, kuma kujerata tana nan."

"Na yarda."

Suka tafa.

*

Ɗakin Inna ya koma kamar rumfar kasuwa. Sanduna masu kauri na tsaye daga ƙasa zuwa silin, a tsakiyarsu ga rami murabba'i ya buɗe baki, ga tsani a jingine. Direba na zaune a kan akwatin Kafinta kamar kaza a kan ƙwai, tumbinsa ya sauko kan cinyoyinsa. A gefe ga autar Inna, ga mijinta Mai Kaji, mutum siriri mai ladabi, ya durƙusa yana miƙa wa baƙo ruwa.

"Yaya, me ya ɓata?" in ji Mai Sawu, yana duban Inna.

"Tukunyata," in ji Inna. "Ta jan ƙarfe, gadon uwata. Yaro zai zauna a ciki ba a ga kansa ba. Kunnenta ɗaya ya taɓa karyewa aka liƙe shi da farin ƙarfe."

"Me ya kai tukunya saman silin?"

Inna ta yi tsaki. "Marigayi maigidana mana. Masu aro ne suka ishe shi. Duk mai taro a unguwar nan, a aiko a ari tukunya, ta dawo da lotsawa. Ana cikin ginin ɗakin nan, kafin a buga silin, ya sa aka ɗora ta a sama, ya ce mai so ya hau ya ɗauka. Da aka gama aka bar 'yar ƙofa, sai ga shi ko gindinta ba ya wucewa. Ya hana masu aro, ya hana mai kaya. Har ya koma ga Allah muna wannan faɗan."

"Kin gaya wa Kafinta abin da ke sama?"

"In gaya masa unguwa ta ji? Igiya na ba shi, na ƙulla ta daidai faɗin tukunyar, na ce ƙofa ta kai haka."

Direba ya karɓe. "Baba, lissafin a fili yake. Shekara da shekaru tukunya na zaune lafiya don ba ta da hanyar fita. Mutum ɗaya ya buɗe hanya, ya wuni shi kaɗai a ɗaki, da yamma aka gan shi yana tura baro a lulluɓe da buhu. Sai mu zargi wa? Ƙadangare?"

Mai Kaji ya yi gyaran murya, kansa a ƙasa. "Ni dai da za ku ji tawa, Inna, da an yafe masa. Ɗan Adam ajizi ne. A bar wa Allah, a rufe maganar."

"A yafe mini me?" in ji Kafinta daga bakin ƙofa. "Ka riƙe yafiyarka. Ban ci ba, ba zan yi amai ba."

Mai Sawu ya kurɓi ruwansa. Ya dai lura cewa a ɗakin nan mutum ɗaya ne ke gaggawar a rufe magana.

*

Wanda ya ga baron shi ne mai shagon da ke kallon gidan. Tun kafin a tambaye shi ya fara ba da labari, har da nuna tsayin kayan da hannu.

"Tulin abu ne haka, Baba, an rufe shi ruf. Ina gani na ce a raina, yau akwai magana."

Mai Sawu ya nuna wani rami da ke tsakiyar hanya da sandarsa. "Ta nan ya bi?"

"Ta nan. Tayar ma ta faɗa ciki, sai da ya yi da gaske ya fitar."

"Da ta faɗa, me ka ji?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "Ƙwaram-ƙwaram dai, irin na katako."

"Tukunyar jan ƙarfe a cikin baron ƙarfe ta faɗa wannan ramin, ai sai ka ɗauka an kaɗa ƙararrawar makaranta."

"To, ni ban ce tukunya na gani ba. Cewa na yi na ga abu."

"Ka ga abu, unguwa ta ga tukunya."

A bayan shagon Kafinta, Mai Sawu ya tarar da buhun, a ƙarƙashinsa guntayen allon silin da gutsattsarin katako. Wannan bai wanke kowa ba, don mai wayo zai iya shimfiɗa wa tukunya tsumma. Amma ya rage wa maganar gishiri.

*

Hawa tsanin bai zo wa gwiwoyin Mai Sawu da sauƙi ba. Kafinta ya riƙe masa daga ƙasa, yana ta bayani kamar wanda ake shirin ƙwace wa aikin.

"Ka kula da gefen hagu, Baba, kada ka taka. Ka ga, katakan da suka riƙe silin a jere suke, daga bango zuwa bango. Tsohuwar ƙofar tsakanin guda biyu take. In za ka faɗaɗa, dole ka yanka na tsakiya. Kafin zarto ya taɓa su sai ka kafa tokara daga ƙasa ta karɓi nauyin. In ka yanka, sai ka kawo katakon gicciye, ka ninka shi biyu, ka ɗaure bakin waɗanda aka yanka, ya miƙa nauyinsu ga na gefe masu lafiya. Sannan ka cire tokara. Na ɗaure dama, ina shirin hagu wannan mai tumbin ya zo ya hau."

"Daga sama ka yi yankan ko daga ƙasa?"

"Daga sama. Mai yanka daga ƙasa garin katako yake ci."

Mai Sawu ya zura kansa, ya haska tocila, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ƙura ce kwance lumui a kan allunan da aka shimfiɗa, ƙurar shekaru, mai laushi kamar gari. Rabonsa da ƙasa mai kyau irin wannan tun kafin a zuba kwalta. Ya hau a hankali, ya tsuguna, ya fara karatu.

Ga sawun Kafinta, takalmi mai tsaga a dunduniya, ya kewaya bakin ramin bai wuce nan ba. Ga na Direba, faffaɗa, ya bi ko'ina ya tattake, sawun giwa ya taka na raƙumi. Da farko tsohon ya tsaya a kan wannan. Mai yawan kumfar baki yakan zama da abin da yake rufewa. Amma duk inda Direba ya taka, a kan garin katako ya taka, wato bayan an yi yanka ya hau. Kafin nan kuwa, da wannan tumbin, tsohuwar ƙofa ko kafaɗarsa ba za ta karɓa ba.

Taku kaɗan daga ramin ya ga mazaunin tukunyar: da'ira babba, ƙurar cikinta ba ta kai ta waje kauri ba. Ya kwanta da ciki ya kawo tocila dab da allo. Garin katakon da zarton Kafinta ya watsa ya sauka a cikin da'irar, ya kwanta daidai, ba abin da ya share shi. Ya hura shi a hankali. A ƙarƙashi sai ga 'yan ramuka a cikin ƙura, irin waɗanda ɗigon ruwa ke bari in ya bushe.

Ya kashe tocilar ya ɗaga kai. A kwanon rufin da ke samansa, haske na shigowa ta wasu 'yan huduji kamar taurari. Ya miƙa hannu ya shafa. Tsofaffin hudujin ƙusa ne, ba komai a cikinsu. Sababbin ƙusoshin suna gefe, kuma ba inda ya kamata su kasance ba.

Ya leƙo ta ramin. "Kafinta, in za ka buga kwano, a ina kake sa ƙusa? A tudunsa ko a kwarinsa?"

Kafinta ya ɓata rai. "Baba, zagi ne wannan? A tudu mana. Kwari ai hanyar ruwa ce. Wanda ya huda kwari ya gayyato ruwa ɗaki da hannunsa."

"Ko kana sauri?"

"Ko gobara ake yi."

*

A tsakar gida ya sami Auta tana wanke kwanuka. Ya zauna yana kakkaɓe ƙura daga rigarsa, yana ƙorafin gwiwa.

"'Yata, rufin nan naku yana zuba ne?"

"Da yana yi, Baba, ta wajen taga. Lokacin da aka kwantar da Inna a asibiti, duk muna can, maigidana ya ce bari ya zo ya gyara kafin ta dawo. Shi kaɗai ya yi, ko sisi bai karɓa ba." Ta faɗa da alfahari. Sai kuma ta yi dariya. "Inna dai ta ce tun da ya gyara, yoyon ya bar taga ya koma tsakiyar ɗaki."

"Allah ya yi masa albarka," in ji Mai Sawu. Zuciyarsa ta ɗan yi nauyi saboda yarinyar, amma sharaɗi sharaɗi ne.

Rumfar Mai Kaji tana can ƙarshen kasuwa, inda ake yanka kaji a fige wa mai saye. Tsohon ya tarar ba ya nan. Bai damu ba, don ba shi ya zo gani ba. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfar ya ɗaga kai. Kowace ƙusa a kwarin kwano take, a jere, kuma a ƙarƙashin wasu an rataye gwangwanaye don tarar ruwa. Maƙwabcin rumfar ya ce ai mai ita ne ya buga abarsa da kansa, ba ya yarda ya ba kafinta ko kwabo.

Mai Sawu ya ce bari ya zaga baya ya kama ruwa. Da ya fito, bakin sandarsa ya yi baƙi da kunkunniya, yana tafe yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.

*

Da la'asar ya tara su a ɗakin Inna, a ƙarƙashin ramin. Har mai shago ya rufe shagonsa ya zo ya tsaya a taga.

"Direba," in ji Mai Sawu, "ka ce tukunya ba ta da hanyar fita sai wadda Kafinta ya buɗe."

"Haka na ce."

"To ranar da Kafinta ya sa zarto, tukunya ba ta nan. Garin katakonsa ya sauka a mazauninta ya kwanta. Da tana zaune, a kanta zai sauka, wurin ya zauna fes. A ƙarƙashin garin kuma akwai sawun ɗigon ruwa. Yaushe rabonmu da ruwan sama?"

"An daɗe," in ji Inna a hankali.

"Tun ana ruwa tukunyarki ta bar gidan nan, Yaya. Kuna ta kallon ƙofar ƙasa, ita kuwa ta sama ta fita. An ɗaga kwano, an zare ta, an sauke ta bayan gida da igiya, an mayar da kwano."

Direba ya gyara zama a kan akwatin. "To ai kwano ma aikin kafinta ne."

"Ɗaga shi aikin kowa ne. Mayar da shi ne ke nuna hannu. Ƙafa tana da sawu, hannu ma yana da nasa. Wanda ya mayar da kwanon nan a kwari ya buga ƙusa, inda ruwa ke bi. Na tambayi Kafinta ko zai yi haka, saura kaɗan ya jefe ni da tsani."

"Ko almajirin kafinta na kwana ɗaya ba zai yi ba," in ji Kafinta, ƙirji a gaba.

"A garin nan na ga rufi ɗaya mai irin wannan bugun. Har da gwangwanaye."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san inda idon kowa yake so ya je. Mai Kaji ya share goshi, ya yi 'yar dariyar da ba ta da gindi.

"Baba, don mutum ya taimaki surukarsa da gyaran rufi, shi ne ya zama laifi? Ƙusa ai ƙusa ce, ko'ina ka buga ta ta kama."

"Ban kira sunanka ba tukuna, ɗana. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." Mai Sawu ya ɗaga sandarsa ya nuna baƙin da ke bakinta. "A bayan rumfarka akwai tukunyar da ake tafasa ruwan figar kaji. Hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin, wanda ya wuce zai ce ta ƙarfen banza ce. Na ɗan karce ta, ja ya fito. Na karce kunnen hagu, fari ya fito."

Inna ta dafe ƙirji. "Figar kaji? A tukunyar uwata?"

Wannan ya fi satar yi mata ciwo, kowa ya gani. Auta ta rufe fuska da mayafi. Mai Kaji ya zube a gaban surukarsa.

"Ku yi mini rai, Inna. Ba sayarwa na yi ba. Na ɗaga kwanon ne don gyara, na gan ta zaune ba ta aikin komai, tawa kuma ta huje. Na ce in ara, in mayar kafin a nema. Da na ji za a buɗe ƙofa, na rasa yadda zan yi."

"Sai ka ce a yafe mini," in ji Kafinta.

"Aro," in ji Inna, ta ɗaga kai tana duban ramin, kamar marigayi mijinta na can sama. "Malam, kana ji? Ka rufe ta da silin saboda masu aro, mai aro ya biyo ta rufi." Ta juyo ga surukin. "Kai kuwa, ka san don wa na sa a sauko da ita? Matarka ce ta ce tana so ta fara dafa abincin sayarwa. Na yi shiru don in ba ta mamaki. Gidanka za a kai ta, da rana tsaka, a kan baro, kowa na gani."

Mai Kaji ya sunkuyar da kai ƙasa.

Kafinta ya taka har gaban Direba ya tsaya, ya miƙa hannu. Direba ya duba hagu ya duba dama, ya tashi daga kan akwatin, ya kakkaɓe murfin da hularsa.

"Malam Kafinta, a yi haƙuri. Zafin zuciya ne."

"Riƙe mini tsani," in ji Kafinta.

Ya ciro zarton mahaifinsa ya duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya hau. Suna tsaye suna kallo ya auna katakon gicciye, ya ninka shi biyu, ya ɗaure gefen hagu, ya bi bakin ƙofar da firam. Da ya sauko ya buge sandunan tokarar da guduma, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Silin bai ko motsa ba. Ya kama bakin sabuwar ƙofar da hannu biyu ya yi lilo, ƙafafunsa na reto a iska.

"Direba, hau ka yi rawa a kai in kana so. Har da tumbin."

Inna ta miƙo igiyarta mai ƙulli. Aka gwada, ƙofa ta ɗauke ta har da rarar yatsa biyu.

*

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci, to Auta ta sami tukunyarta, amma Inna ta ce a ƙofar gidanta za a riƙa girkin, tukunya ba za ta kwana gidan suruki ba. Mai Kaji shi ya turo ta a baro tun daga kasuwa, tana kuka a kowane rami, ya zauna a bakin titi da toka da soso yana dirza har jan ya dawo, masu wucewa na yi masa sannu da aiki. Ya rasa tukunyar da da ta zama ta gidansa, ya rasa kunyar da surukai ke ji masa, kuma sai da ya kira Kafinta ya sake buga rufin Inna, a tudu. Direba ya yi asarar bakinsa na 'yan kwanaki. Mai shago bai rasa komai ba, don yanzu cewa yake tun farko shi bai yarda da maganar baron ba. Inna ta sami ƙofar silin mai faɗi da ba abin da za a sauko da shi ta cikinta. Kafinta ya karɓi sunansa da zartonsa, aiki kuma ya yi masa yawa.

Mai Sawu kuwa yana ƙofar gidansa, a kujera mai majingina, hannuwansa biyu a kan hannuwanta biyu. In wani ya wuce ya tsokane shi da maganar kwalta, sai ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Ku shafe ƙasa duka da siminti. Ba ku shafe saman silin ba tukuna."